Hatsin Rana

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da zagin Yaya, na gani, kuma ban hana ku ba. Ni ma da nake rubuta shi haushinsa nake ji. Amma ku kai ƙarshen shafin nan kafin ku yanke wa kowa hukunci.

*

Likitan dabbobi ya daɗe a tsugune gaban dokin nan Akawal, tafin hannunsa a kan kofaton dama. Auta na tsaye riƙe da ragama, fararen kayanta na asibiti duk sun ɓaci da ƙasar barga. Tun da asuba da ta shigo da bokitin ruwa ta tarar da dokin a haka: ya miƙar da ƙafafun gaba, ya tattara nauyinsa a kan na baya kamar zai zauna, gumi na bin baƙar fatarsa. Ta ja shi, ta lallashe shi, ya ƙi ko taku ɗaya. Dokin da ke cika gida da haniniya in ya ji ƙarar takalminta, yau ko kunne bai kaɗa mata ba.

Ƙarfe shida ya kamata ta karɓi aiki a ɗakin marasa lafiya. Ga shi tara ta kusa, wayar da ke aljihunta ta yi kuka har ta gaji. Ba sai ta duba ba, ta san Matiron ce, shugabarsu, matar da in ka makara minti biyar sai ta yi ta tuna maka har ranar da za ka bar aiki.

Likita ya kamo hannunta ya ɗora a kan kofaton. Zafi rau, kamar murfin tukunya. Ya matsar da yatsunta sama kaɗan, ta ji jijiya na bugawa da ƙarfi. Kunya ta kama ta. Ita da ke gane zazzaɓin baƙo tun daga bakin ƙofa, nata na gida ya kwana nawa yana ciwo ba ta sani ba.

Ya yi mata bayani a taƙaice. Ciwon kofato ne, kuma ba ƙusa ya taka ba, daga ciki abin ya taso. Doki in hatsi ya yi masa yawa, aiki ya yi masa kaɗan, a ƙafa yake sauka. In aka yi wasa ƙashin da ke cikin kofaton ya karkace, to shi da sirdi har abada, wani ma tsayuwa ke gagararsa.

Nan ranta ya soma ɓaci. Ta ce masa ba dai dokinta ba. Gwangwani ɗaya da safe, gwangwani ɗaya da yamma, ko ƙwaya ba ta ƙarawa. Ta jawo buhun hatsin daga lungu, ta nuna masa layukan da take ja da biro a jikinsa duk mako don ta san abin da ya tafi. Layin na nan daidai inda ya kamata.

"Buhu bai yi ƙarya ba," in ji Likita, yana goge hannunsa. "Amma kofato ma ba ya ƙarya. Dokin nan yana cin abin da ba ki sani ba. Kilisa fa? Kuna fita kullum?"

"Muna fita."

Da sauri ta faɗa, idonta a kan buhu.

Ya yi wa dokin allura, ya ce a ɗauke hatsi daga gabansa kwata-kwata, a zuba masa yashi mai laushi ya taka, a kuma tsoma ƙafafun gaban a ruwan ƙanƙara, ana sakewa a kai a kai har kwana uku. Ya hau babur ɗinsa ya ce sai yamma. Kwana uku! Ita da ko awa uku ba ta da su na kanta.

Kuna dai tune da sharaɗin Baffa. Da Baba ya rasu, Baffa, wan mahaifin nasu, ya so ya ɗauke dokin ya sayar, ya ce yarinyar da ke aikin asibiti ba ta iya riƙon akuya ba balle doki. Ta yi kuka, ta yi magiya, da ƙyar ya ba ta shekara guda: in Akawal ya kwanta ciwo saboda sakacinta, mota zai zo da ita, babu wata shawara. Yanzu saura mako uku shekarar ta cika. Wata goma sha ɗaya tana riga zakara tashi, ta kwashe kashi, ta ɗebo ruwa, ta goge shi da buroshi tun daga geza har wutsiya, su fita kilisa, ta dawo ta watsa ruwa a gurguje ta bi motar haya da guntun burodi a hannu. Da yamma abokan aiki su tafi gida su miƙe ƙafa, ita ta tafi neman harawa. Samari biyu suka gudu, ɗayan har yana ce mata turarenta na barga ne. A wurin aiki Matar Akawal suke kiranta, har ta daina jin haushi. Duk wannan wahalar, sai da ta hango ƙarshe sannan wani zai zo ya yi mata yankan baya?

Biri fa ya yi kama da mutum. Wa ke wuni a gida? Wa ta kama har sau biyu yana auna bargar da igiyar awo, yana neman inda zai kafa injin yankan katakonsa?

Ta saki ragama ta nufi ƙofar gida.

Yaya na rumfarsa ta kafinta, fensir a bayan kunne, ƙusoshi uku a baki, yana haɗa ƙafar wata kujera. Mai kujerar na zaune a benci yana jira.

"Yaya, me dokin nan ya yi maka?"

Bai ɗago ba. Sai da ya buga ƙusar ta shige, sannan ya tambaye ta ko gaisuwa ta ƙare a duniya.

Ba gaisuwa ta kawo ta ba. Ta zazzage masa duk abin da Likita ya faɗa, ba ta ko damu da baƙon da ke benci ba.

"Ka ga saura mako uku, ka ga ban gaza ba, shi ne ka biyo min ta bayan gida. Barga kake so? Da sai ka fito fili ka ce Auta, ba ni barga. Amma ka nakasa dokin Baba don ka samu wurin jibge katako?"

Ya ajiye guduma a hankali. Ya tofar da sauran ƙusoshin a tafin hannunsa.

"Maimaita abin da kika ce."

Ta maimaita, har da ƙari. Ta tuna masa watannin baya da ta yi kwana biyu ba ta fita da dokin ba, maganar ta isa kunnen Baffa kafin rana ta faɗi, ya kira ta ya wanke ta tas. Wa ya kai tsegumin in ba shi ba? Tun ranar ta san wanda take zaune da shi.

Mai kujera ya ga abin ba na ƙare ba ne, ya miƙe ya ce zai dawo gobe. Wannan ya ƙara tunzura Yaya. Ya ce shi da dokin nan ko gaisawa ba sa yi, tun da ya cije shi a kafaɗa bai ƙara matsawa kusa da kominsa ba. Ya ce barga kam yana so, bai taɓa ɓoyewa ba, mutum mai iyali yana aiki a rumfar da ruwa ke zuba alhali dabba na kwana a ɗaki mai rufi. Amma shi ba mugu ba ne. Ya ce ita ta mai da kowa a gidan abokin gaba, ta shigo a fusace ta fita a fusace, kamar ita kaɗai Baba ya mutu ya bari.

"In ba kai ba ne, aljani ne ke zuba masa hatsi?"

"Ki iya bakinki, Auta. Na girme ki."

"Girman da ba ya hana mutum cin amana?"

Da ba don ƙarar sandar Umma da suka ji ba, Allah kaɗai ya san inda maganar za ta tsaya. Umma ta fito tana dogarawa, gwiwoyin nan nata da ba sa barinta ta bar ɗaki sai rana ta ɗaga. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce su shigo daga ciki, ba za su tara mata unguwa ba. A tsakar gida, daura da ƙofar barga, ta zauna a kan turmi ta sa Auta ta faɗi abin da Likita ya ce. Ta saurara har ƙarshe. Ta dubi dokin da ke tsaye yana nishi.

"Ki ƙyale yayanki," in ji ta. "Ni ce nake ba shi."

Auta ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

Umma ta ce hatsin rana ne. Kwano guda, in rana ta take tsaka, kuma daga nata hatsin na girki take ɗiba, shi ya sa buhun Auta bai nuna ba. Tun kafin a haifi Auta take wannan aikin, tun dokin da ya gabaci Akawal. Na safe da na yamma na maigida ne, na rana nata ne. Auta ba ta taɓa gani ba don ba ta taɓa wuni a gida ba, da makaranta, yanzu asibiti. Ita kuma ba ta ga abin faɗa a ciki ba, kamar a ce mutum ya sanar cewa ya share tsakar gida.

Tun da Auta take ba ta taɓa ɗaga wa mahaifiyarta murya ba. Ranar zuciya ta ɗebe ta. Ta ce wata goma sha ɗaya Umma na kallonta tana auna gwangwani kamar mai auna magani, ashe aikin banza take yi. Ta ce babu wanda ya taɓa ɗaukar mata ko bokiti ɗaya a gidan nan, sai abin da zai rusa ta ne aka iya yi a ɓoye. Hawaye na zuba tana sharewa da bayan hannu, haushi ya hana ta tsayawa.

"Umma, kin kashe min doki. Da hannunki."

Yaya ya yunƙuro, Umma ta ɗaga masa sanda ya tsaya. Fuskarta ba ta sauya ba, sai dai muryar ta yi ƙasa.

"Kin gama?"

Auta ta sake share hawaye.

"Shekara arba'in na yi da mai doki, ba jiya na fara ba. Mahaifinku ya kafa min doka tun farkon zamanmu. Ranar da doki ya yi kilisa, ya ci hatsin rana. Ranar da bai fita ba, ko ƙwaya ɗaya. Ya ce hatsi ba aiki guba ne. Ban taɓa karya dokar nan ba, ko yana raye ko bayan ransa." Ta gyara riƙon sandarta. "Me nake tambayarki kullum da safe, in kin leƙo za ki tafi aiki?"

Nan take Auta ta tuna.

Kun fita?

Tambayar ke nan. Kullum, daga kan gado, kafin Umma ta ce mata a dawo lafiya. Ita duk zatonta gaisuwa ce irin ta tsofaffi, kamar a ce ya gajiya.

"Ranar da kika ce ba ku fita ba, ban ba shi ba," in ji Umma. "Kwana biyun nan na watannin baya, ban ba shi ba. Tun daga nan kuwa kullum cewa kike kun fita."

Yaya ya juya. Ya shiga barga, ya raɓa ta bayan dokin, ya sauko da sirdin daga kan marataya. Ya kawo shi tsakar gida ya kifar a gabansu, cikinsa na kallon sama. Can a lungun da ke hawa gadon bayan doki, zanzaro ya yi gininsa na laka, ɗaki huɗu a jere, sun bushe ƙayau.

"Ni kafinta ne, ban san ciwon doki ba," in ji shi. "Amma na san zanzaro ba ya gini a abin da ake ɗagawa kullum."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kwana goma sha tara ke nan rabon Auta da ta ɗora sirdin nan. Tun da abokiyar aikinta ta tafi hutun haihuwa, Matiron ta dawo da ita aikin ƙarfe shida maimakon takwas, wani lokacin ma ta haɗa mata da na yamma. Awa biyun nan da aka ƙwace su ne na kilisa. Kashi tana kwashewa, ruwa tana bayarwa, buroshi ba ta fasa ba, hawan ne kawai ya gagara. Kullum sai ta ce gobe. Da Umma ta tambaya a rana ta farko, ta tuna wankin da Baffa ya yi mata, bakinta ya ce mun fita kafin zuciyarta ta yi shawara. Ta biyu ta fi sauƙi. Zuwa ta goma ko ji ba ta yi a jikinta. A ganinta ƙarya ce da ba ta cutar da kowa, tunda ta rage masa hatsi zuwa gwangwani ɗaya safe da yamma, daidai da zamansa. Ashe duk mun fita ɗaya kwano guda ne a cikin Akawal.

Haushin da ta shigo da shi bai tafi ba, wurin sauka ya rasa. Ta juya kan Yaya ta tambaye shi, tunda ya sani, me ya hana shi magana.

Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce wancan karon da bai ce komai ba ma munafuki ta kira shi, har yau ba ta janye ba. Yana ganinta tana fita da gudu takalmi a hannu, ya ce bari ya rufa mata asiri har shekarar ta cika, ko ba komai ƙanwarsa ce. Bai san shirun nasa da kwanon Umma za su haɗu a ƙafar doki ba. Umma ta ce wancan karon ma ita ce ta faɗa wa Baffa, a cikin hira, ba da nufin komai ba. Auta ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Wayar ta sake kuka. Ta zaro ta don ta samu abin kallo. Saƙo ne daga Matiron, layi ɗaya: in goma ta buga ba ta gan ta ba, ta zo da takardar bayani, kuma kada ta sa ran hutun ko wuni ɗaya a watan nan. Ga dokin da ke buƙatar ruwan ƙanƙara na kwana uku. Ta ji kamar ta maka wayar da bango.

Sai ƙahon mota a ƙofar gida, mai kauri, irin na manyan motoci.

Umma ta runtse ido. Ta ce Baffa ne, ita ta kira shi da asuba, da ta ji Auta na kuka a barga. Ta tsorata ne, ta ga shi ya san doki. Ba ta ce masa ya zo da mota ba.

Kafin sallamar Baffa ta ƙarasa shigowa, Umma ta zare mayafinta ta yafa a kan sirdin. Yaya ya dubi Auta, ya dubi mayafin, ya ja tsaki ƙasa-ƙasa, sannan ya matsa ya tsaya a gabansa ya tare.

Baffa bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya wuce barga kai tsaye, ya dubi tsayuwar dokin, ya taɓa kofato, ya miƙe yana kaɗa kai. Shi ba ya buƙatar likita ya gaya masa. Ya fito yana huci, ya ce dokin ɗan'uwansa, dokin da ko tari bai taɓa yi ba, shi aka mayar haka. Ya ce da ma ya faɗa, aka ga kamar mugunta ce. Ya leƙa waje ya ce wa direba ya sauke ƙofar baya.

"Baffan yara," in ji Umma, "laifina ne, ba nata ba."

Ya juyo.

Ta ce ita ce ta yi ta ɗura masa hatsi da rana ba da sanin yarinyar ba. Tsufa ne, hannunta ya yi nauyi, kwano ɗaya ya zama biyu. Yarinya kam ba ta yi sakaci ba, kullum sai ta fita da shi kafin ta tafi aiki.

Abin da Baffa ya gaya wa Umma ba zan iya rubuta shi duka ba. A gaban 'ya'yanta ya ce shekara arba'in ta yi da mai doki ba ta koyi komai ba, ya ce marigayi ya yi haƙuri da ya zauna da ita, ya ce abin da ko yaron goye ya sani shi ya gagare ta. Umma ta sunkuyar da kai, ba mayafi, furfurarta a waje ta gefen ɗankwali, tana cewa a yi haƙuri. Matar da ba ta taɓa karya dokar mijinta ba ko sau ɗaya. Jijiyar wuyan Yaya ta tashi, amma bai matsa daga gaban sirdin ba.

Da Baffa ya gaji, ya sauke numfashi. Ya ce shi mutum ne mai magana ɗaya. Sharaɗinsa a kan sakacin Auta ne, ba na uwarta ba. In haka abin yake, doki ya zauna, mota ta koma yadda ta zo. Amma ba zai tafi da maganar tsohuwa kaɗai ba.

Ya tako har gaban Auta. Daga barga Akawal ya yi wani siririn nishi. Umma ta ɗago ido ta kafe ta da shi, tana girgiza mata kai a hankali yadda Baffa ba zai gani ba.

"Ke nake son ji," in ji Baffa. "Dube ni nan. Uwarki ta ce kullum kina fita da shi. Kun fita?"